Raba Rumbun Bayanan Gwaji Cikin Kwantena Tsakanin Masu Gina Manhaja

Daga cikin matsalolin da ke addabar masu gina manhaja akwai saɓanin sakamakon gwaji, inda manhaja kan yi aiki lami lafiya a kwamfutar wani, amma ta cije a ta abokin aikinsa. Sau da yawa tushen matsalar shi ne kowa ya kafa nasa rumbun bayanan, ya zuba abin da ya ga dama a ciki. Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan yadda fasahar kwantena ke kawar da wannan saɓani.

Kwantena wani keɓaɓɓen muhalli ne da ke ƙunshe da manhaja tare da duk abin da take buƙata domin ta yi aiki. Fasahar ta yaɗu ne bayan fitowar Docker a shekarar 2013. Ana tayar da kowace kwantena daga samfuri guda wanda ba ya canzawa. Saboda haka idan aka ajiye samfurin rumbu irin PostgreSQL a ma'adana kamar Docker Hub, duk wanda ya sauke shi zai sami abu iri ɗaya.

Hanyoyi biyu ake bi wajen zuba bayanan gwaji. Ta farko ita ce a haɗa samfurin da fayilolin SQL, waɗanda rumbun zai karanta a tashin farko, muddin ma'ajiyarsa babu komai. Wannan hanya tana da sauƙin gyara, sai dai tana cin lokaci idan bayanan suna da yawa. Ta biyu kuwa ita ce a zuba bayanan tun lokacin gina samfurin. A nan akwai tarko: samfurin PostgreSQL na asali yana ajiye bayanansa ne a wata ma'ajiya ta daban, wadda ba ta shiga cikin samfuri. Matuƙar ba a sauya wurin ajiyar ta hanyar PGDATA ba, abokan aiki za su iya sauke rumbu su tarar da shi fayau.

Irin bayanan da za a zuba ma abin lura ne. Kwafo bayanan mutane na haƙiƙa haɗari ne, domin samfuri yana yawo hannu-hannu, kuma dokoki irin su dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, da ta Nijeriya ta 2023, sun ɗora alhakin tsare su a wuyan mai riƙe da su. Abin da ya dace shi ne a ƙirƙiri bayanai masu kama da na gaske. Alal misali, masu gina ƙamusun Hausa na kwamfuta suna buƙatar kalmomin gwaji masu ɓ, ɗ da ƙ, domin a gano tun da wuri ko rumbun yana rarrabe kafa da ƙafa wajen bincike da jerantawa.

Daga ƙarshe, wajibi ne a riƙa sabunta samfurin tare da ba shi sabuwar lamba duk lokacin da tsarin rumbun ya sauya. In ba haka ba, saɓanin da aka guda zai dawo.