Me ya sa masu karatun dokar muhalli ke yawo ƙasa-ƙasa?

Da na ji yayan abokina a nan Fatakwal zai yi digiri na biyu kan dokar muhalli, zango ɗaya a Holan, na gaba a wata ƙasar, dariya na yi, na ce wannan ai yawon kiwo ne. Ashe da dalili.

A 2008 manoma huɗu daga Neja Delta suka maka kamfanin Shell a kotun Holan kan malalar mai. Sai a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce reshen kamfanin na Najeriya ya biya diyya. Abin mamaki, da dokar Najeriya alƙalan can suka yanke hukuncin, duk da tsarin shari'ar nasu ne. Gonakin na Oruma da Goi, kotun na Turai. Lauyan da ya san dokar ƙasa ɗaya kaɗai, ta ina zai kama?