Yadda Ake Ɗaure Daimon A Jikin Ƙarfe Don Yanka Dutse

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu shimfiɗa tayil ko masu aikin marmara, ya ga wani faifan ƙarfe da suke ɗaurawa a bakin inji, yana ratsa dutse sai ka ce ana yanka sabulu. Abin mamaki, in an kashe injin ka shafa bakin faifan, ba za ka ji kaifi ba. Ashe gurzar dutsen yake yi, abin da ke gurzar kuwa shi ne 'yan ƙananan ƙwayoyin daimon, watau lu'ulu'un nan da babu wani dutse da Allah Ya halitta wanda ya kai shi tauri.

Kada mai karatu ya zaci irin na zoben sarauniya ne. Kusan duka ƙera shi ake yi, ta hanyar danne sinadarin kabon, irin baƙin da ke cikin fensir, da matsi da zafi mai tsanani. A shekarar 1954 ne wani masani mai suna Tracy Hall ya ci nasarar yin haka a kamfanin General Electric na Amurka, aka sanar wa duniya a 1955. Wani kamfanin ƙasar Suwidin, ASEA, ya riga su tun 1953, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. A yau ƙasar Sin ce ke yin mafi yawansa, musamman a lardin Henan.

To, samun ƙwayoyin wani abu ne, riƙe su kuma wani abu ne dabam, domin daimon ba ya yarda ya manne da yawancin ƙarafa. Hanyar da aka fi bi ita ce a gauraya shi da garin ƙarfe, kamar kobalt, ko baƙin ƙarfe, ko tagulla da kuza, a zuba cikin mazubi, a danne, a gasa da zafin da yakan kai digiri 700 zuwa 1,000. Garin ba ya narkewa sarai, curewa yake yi ya kama kowace ƙwaya ta ko'ina. A nan gwanintar maƙeran zamani take, don in zafin ya zarce kima daimon ɗin sai ya fara lalacewa. Abin da aka fitar daga mazubin su ne haƙoran faifan, waɗanda ake liƙawa da waldar azurfa ko ta hasken lesa. Akwai kuma waɗanda ake dasa ƙwayoyinsu jeri ɗaya tak, ko dai da ruwan nikel ta hanyar lantarki, ko da walda mai ɗauke da kuromiyam a tanderun da aka zuƙe wa iska. Waɗannan suna da ci, amma da jerin ya ƙare shi ke nan.

Sirrin da ya kamata kowane magini ya sani yana ga ƙarfen da ke riƙon. Da gangan ake yinsa yadda zai riƙa cinyewa sannu a hankali, don ƙwayar da ta dushe ta faɗi, sabuwa ta leƙo daga ƙasa. Saboda haka lissafin a juye yake: dutse mai tauri, kamar giranet ko tayil mai ƙarfi, faifai mai taushin riƙo yake bukata, abu mai laushi da yawan yashi kuwa, irin su kwalta da bulon siminti, sai mai taurin riƙo. In aka sa mai tauri a kan giranet, ƙwayoyin za su yi sulɓi su ƙi faɗuwa, faifan ya yi zafi yana tartsatsi ba ya ci. Sau da yawa a nan ne ake jefar da shi ana tsine wa ɗan kasuwa, alhali da an ɗan yanka bulo da shi sau biyu ko uku, da yashin ya buɗe masa baki. In kuma aka sa mai taushi a kan kwalta, kafin la'asar kuɗin sun bi iska. A ganinmu mai sayarwa da bai tambayi mai saye abin da zai yanka ba, bai yi masa adalci ba.

Har ila yau, daimon da duk taurinsa ba ya jimre wa baƙin ƙarfe, domin in an yi zafi ƙarfen yakan shanye kabon ɗinsa. Wannan ne ya sa masana'antun da ke wasa ƙarfe suka fi dogara da wani sinadari, CBN, wanda Robert Wentorf ya fara haɗawa a 1957.

Sai batun ruwa, wanda ya fi batun kuɗi nauyi. Ruwan da ake zuba wa faifai yana sanyaya shi, yana kuma kwantar da ƙura. Ƙurar giranet da kankare da tayil tana ɗauke da silika, wadda in ta taru a huhu takan jawo ciwon da har yanzu likitoci ba su sami maganin warkar da shi ba, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙyallen da yaran shago ke ɗaurewa a hanci ba ya tare ta, don ƙwayoyinta sun fi ƙarfin ido ƙanƙanta, sai dai takunkumi mai matata wanda aka yi musamman domin wannan aiki.