Alhamzar Hausa da Matsalar Aika Umarni ga Shel

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata matsala da kan sami mai rubuta manhajar da ke aika umarni ga shel, watau tafintan da ke tsakanin mutum da kwamfuta a tsarin Unix. Shel ɗin Stephen Bourne ya fito a 1979, sannan Bash na Brian Fox ya gaji ƙa'idojinsa a 1989. Za mu ɗauko misalanmu daga Ƙaramar Hukumar Fagge.

2.0 Tushen Matsalar

Shel yakan yayyanka layi kafin ya zartar da shi. Fili yana raba kalmomi, waƙafi mai ruwa kuwa yana raba umarni da umarni. A ƙaddara ɗan kasuwa yana ajiye lissafin kowace kasuwa a fayil mai sunanta. In manhaja ta aika rm Sabon Gari, shel zai ga sunaye biyu, har ya goge wani fayil mai suna Gari in akwai shi.

Dabarar da aka saba ita ce a killace suna tsakanin alamomin ɗauko zance guda-guda, kamar 'Kantin Kwari'. To, amma wannan alama ita ce yawancinmu ke bugawa a matsayin alhamza da kuma farkon 'y. Saboda haka 'Yan Kura da Sa'adatu sukan karya shingen, umarni ya lalace. Mugu ma yana iya bi ta wannan kafa ya cusa nasa umarnin.

3.0 Magani

Hanya ta farko ita ce a rufe shinge, a kuɓutar da alhamza da sanda mai karkata baya, a sake buɗewa: 'Sa'\''adatu'. A harshen Python, shlex.quote kan ɗauke wa mutum wannan aiki tun 2012. A PHP kuwa akwai escapeshellarg. Hanya ta biyu, wadda muka fi amincewa da ita, ita ce a miƙa wa subprocess.run umarni da sunan fayil a jere, kowanne daban, ba tare da an bi ta shel ba.

4.0 Kammalawa

Muna ba malaman kwalejojin ilmi shawara da su riƙa sa ɗalibai gwada manhajojinsu da sunaye irin su 'Yan Kura. Manhajar da ta kasa ɗaukar alhamza ba ta isa a damƙa mata lissafin Bahaushe ba.