Wa Ke Ciyar da Makaɗi?

Da zarar an yanke gero an ɗaure damma a ƙasar Magarya da Dungas, sai kunne ya fara shan kiɗa. Yau ɗaurin aure a Bande, gobe kokowa a Dogo-Dogo, jibi naɗin sarauta a wani gari can bakin iyaka. Mai kalangu ba ya kwana gida, 'yan amshi kuwa har muryarsu ta dushe. Amma bari damina ta faɗi, ko a ga watan azumi, sai ka iske gwanin nan da aka yi ta liƙa wa kuɗi a goshi ya rataye gangarsa ya saɓi hauya. Kowa na son jin kiɗa, amma kaɗan ne ke tambayar yadda mai shi ke rayuwa: a ina ya koya, wa ke biyansa, kuma me zai ci ranar da hannu ya yi sanyi. A kan waɗannan abubuwa uku sana'ar kiɗa take tsayawa, a Dungas ne ko a birnin Biyana.

A ƙasar Hausa, makarantar makaɗi ita ce gidan ubansa. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya yana bin manya, daga nan a miƙa masa kuntukuru ya riƙa riƙe musu kari, sannan ya shiga sahun 'yan amshi. Sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya rataya babban kalangu. Wanda bai taɓa duban kalangu da kyau ba zai ɗauka duka ne kawai. Itace ne sassaƙaƙƙe mai siririn ƙugu, an rufe bakinsa biyu da fata, tsarkiyoyi sun haɗa bakin nan da wancan. In makaɗi ya matse su a hammata sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Da haka yake bin hawa da saukar harshen Hausa, har kalangu ya ambaci sunan mutum da na kakansa, mai take ya ji daga nesa tsikar jikinsa ta tashi. Mai algaita shi ma da nasa wuyar: yana cika kumatu da iska, yana tura ta cikin algaita, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, don kada busa ta yanke. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba.

Batun biya kuwa, da can a fili yake. Kowane rukuni na jama'a da makaɗansa: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, maƙera da dundufa, mata da zabiya da kiɗan ƙwarya. A sama da su duka akwai makaɗan fada, masu tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi. Yankin nan kuwa ba baƙon sarauta ba ne. Dungas da Waca da Mirya tsoffin ƙasashen Sosebaki ne, Magarya tana da tushe a gidan sarautar Daura, kuma a ƙarni na 19 duk suka shiga ƙarƙashin Damagaram, wadda ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884. Makaɗin fada bawan sarki ne a aikinsa. Yana yin sara a ƙofar fada daren Juma'a, yana gaban doki ranar hawan salla, yana riƙe da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu a ka. Sarki kuma ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi gona da doki da rawani. A irin wannan inuwa aka samu Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram, da Narambaɗa a Isa, da Jankiɗi a Sakkwato.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kiɗan nan na Turawa da ake kira kilasik, wanda ake zama a babban zaure a saurara shiru, shi ma a fada ya girma. A 1761 Joseph Haydn ya kama aiki a gidan sarautar Esterházy, cikin daular Ostiriya. Yana sanye da kayan barorin gidan, yana bayyana gaban ubangidansa don ya ji irin kiɗan da ake so, kuma bisa yarjejeniyar farko duk abin da ya tsara mallakar yarima ne. Ya yi kusan shekara 30 a haka. Da ubangidansa Yarima Nikolaus ya mutu a 1790, magajinsa ya sallami yawancin makaɗan gidan, sai Haydn ya tafi Landan a 1791, inda jama'a ke sayen tikiti su shiga sauraro, ya samu dukiyar da bai taɓa gani a fada ba. Mozart bai yi irin wannan sa'a ba. Ya bar hidimar babban limamin cocin Salzburg a 1781 don ya ci gashin kansa, yana koyar da 'ya'yan masu hali, yana shirya wasanni, yana karɓar aikin tsara kiɗa. Ya mutu a 1791 yana ɗan shekara 35, ya bar bashi.

Ke nan fita daga hannun sarki zuwa hannun kasuwa caca ce. Abin da ya rage haɗarinta a Turai shi ne haɗin kai da tsari. A 1882 makaɗa sama da 50 suka yi wa shugabansu Benjamin Bilse tawaye a kan rashin kyakkyawar kulawa, suka kafa ƙungiyar da ta zama Filhamonik ta Balin. Har yau 'yan ƙungiyar ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi jagoransu. A Jamus, hukumomin jihohi da na birane suna zuba kuɗi a irin waɗannan ƙungiyoyi, makaɗi na da albashi da fansho. Duk da haka ƙofar ƙunci gare ta. Yaro kan fara tun yana ƙarami, ya yi makarantar kiɗa ta gaba da sakandare, sannan ya je gwaji, inda sau da yawa ake sa labule tsakaninsa da alƙalai don su ji hannunsa ba tare da sun ga fuskarsa ba. Kujera ɗaya, masu nema rututu. Waɗanda ba su samu ba, akasarinsu koyarwa ke riƙe da su.

Labarin kiɗan tango ya ma fi kusa da na makaɗan dandali irin namu. An haife shi a ƙarshen ƙarni na 19 a unguwannin talakawa na Buwenos Aires ta Ajantina da Montebidiyo ta Urugwai, inda baƙi 'yan ci-rani daga Turai suka cakuɗu da jikokin bayi 'yan Afirka da mutanen karkara. Da farko masu hali suna ƙyamar sa, suna ganin kiɗan 'yan iska ne. Sai da aka yi yayinsa a Faris kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya sannan manyan gida suka yarda da shi. Muryar Carlos Gardel ta kai shi duniya ta faifai da silima, kafin ya mutu a haɗarin jirgin sama a Kolombiya a 1935. Daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1950 makaɗan tango suka ci kasuwarsu. Ƙungiya ɗaya takan ɗauki mutum goma ko fiye, da masu gogen Turawa, da mai fiyano, da masu bandoniyon, wani abin kiɗa da aka kawo daga Jamus wanda ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri. Aiki bai yanke musu ba, daga gidan rediyo sai zauren rawa.

Bayan juyin mulkin soja na 1955 a Ajantina, da shigowar kiɗan samarin Amurka, sai kasuwa ta juya baya. Manyan ƙungiyoyi suka watse, don ba mai iya biyan mutum goma sha a dare ɗaya. Waɗanda suka tsira, kowa da dabararsa. Astor Piazzolla, wanda ya goge a ƙungiyar Aníbal Troilo, ya tafi Faris a 1954 ya yi karatu wurin Nadia Boulanger, ya dawo ya mai da tango kiɗan zama a saurara. 'Yan mazan jiya suka zage shi, amma yau makaɗan kilasik na duniya suna kaɗa ayyukansa. Osvaldo Pugliese kuwa tun 1939 ya kafa ƙungiyarsa a kan tsarin gama-kai, ana raba abin da aka samu bisa ƙa'idar da kowa ya sani, kuma ta rayu har rasuwarsa a 1995. Da aka ga tsoffin gwanaye na ƙarewa da iliminsu a ka, sai a shekarar 2000 aka buɗe wata ƙungiya mai zaman makaranta a Buwenos Aires, aka ɗauko dattijo Emilio Balcarce, yana da shekara 80 da 'yan kai, ya zauna da matasa yana nuna musu salon kowane gida. A 2009 UNESCO ta sa tango cikin al'adun gado na duniya.

To, mu dawo gida. Makaɗan Magarya da Dungas suna tsaye ne a mararrabar da waɗancan suka wuce. Sarki na yau da ɗan alawus yake rayuwa, ba shi da rumbunan da zai ciyar da gidan makaɗa goma. Tun tuni Mamman Shata ya nuna cewa makaɗi na iya rayuwa ba ubangida ɗaya: ya yi wa sarki, ya yi wa attajiri, ya yi wa direba, faifai da rediyon Kaduna suka tsallake da muryarsa iyaka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma hanyar da Shata ya bi ta cushe. Mai biki ya gano cewa yaro ɗaya da lasifika da janareto ya fi ƙungiyar mutum takwas araha. A sutudiyon Kano, fiyano ɗaya na kwaikwayon kalangu da algaita. Waƙar da mutum ya kwana yana tsarawa, masu tura waƙa a kasuwa za su cika waya da ita a kan 'yan canji, shi ko dala ba zai gani ba. Mawaƙin da ke son ya yi nisa sai ya yi ƙaura, yadda Fati Nijar ta baro Maraɗi ta yi suna a Kano.

Ga kuma zaman bakin iyaka. A kasuwannin yankin naira na yawo kafaɗa da kafaɗa da sefa, kuma bukukuwan Ɓaɓura da Maigatari da Zangon Daura na cikin abincin makaɗan wannan gefe. Rufe iyakar da Najeriya ta yi a 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da faɗuwar naira tun daga wannan shekarar, duk sun taɓa su. Liƙin da zai cika aljihu, in an canza shi zuwa sefa, da ƙyar ya sayi tiyar gero 'yan kaɗan.

Akwai kuma abin da ba a son faɗi. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun guji gadon gidansu, wasu saboda wa'azin malamai, wasu saboda gorin da ake yi musu idan sun je neman aure. Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, kuma tsohuwa ce, tun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu a kanta. Amma su ma makaɗa da nasu laifin. Wanda ya mai da zambo makamin karɓar kuɗi, ya tsare mutum a bainar jama'a sai ya ba shi don tsoron bakinsa, shi ya ja wa sana'ar raini. Mai fasaha da mai roƙon tilas ba ɗaya ba ne, kuma makaɗan kirki ne ya kamata su fara raba tsakani.

Cewa abin na iya gyaruwa, ɗan jihar Damagaram ne ya nuna. Malam Mamman Barka, haifaffen Taskar, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma. Ya zauna ya koya, tsohon ya damƙa masa biram ɗinsa, shi kuma ya zagaya da shi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da ba wanda zai koya masa. Nijar kuma ba ta rasa tubalin gini ba: akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, akwai gasar Ɗan Gurmu, akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA. Matsalar ita ce nisan da ke tsakanin waɗannan da mai kotso na ƙauyen Guci.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gundumomin Magarya da Dungas suna da mutum sama da 900,000 a ƙidayar 2012, jama'ar da ta isa ta riƙe makaɗanta. Makaɗa su haɗa kai su kafa asusu, kowane biki a jefa wani abu don ranar ciwo da tsufa, kuma a san kason ɗan amshi tun kafin a fita, kada ya dogara da abin da maigida ya ga dama. Masu tsara waƙa su yi rajista da BNDA. Gidajen rediyon al'umma su ware lokaci ga makaɗan yankin, su riƙa faɗin sunan mai kiɗa da garinsu. Sarakunan Magarya da Dungas da Waca, tare da magadan gari, su sa a ɗauki taken sarauta da na sana'o'i daga bakin dattawa tun suna raye, wayar hannu ma ta isa, sannan a haɗa kowane gwani da yara biyu ko uku, ko da ba 'yan gado ba ne. Kai kuma mai karatu, ranar da ka gayyaci makaɗi bikin ɗiyarka, ku yi jinga tun kafin ya ɗaura ganga, ka biya shi hannu da hannu yadda kake biyan magini da tela. Liƙi kyauta ce, ba ta zama ladan aiki.