Ƙurajen baki bayan zazzaɓi: abin da ya sa kafso ba ya musu magani

Duk wadda ke wuni cikin rana a kasuwar Tamaske ta san su: ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi ko gajiya. Da yawa sai a nufi mai tebur a sayi kafso, a ɓare a barbaɗa. Gaskiyar magana, asarar kuɗi ce kawai.

Ƙwayar cutar hapis ce ke kawo su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum biyu cikin uku na ƴan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Kwanciya take yi a cikin jijiya, sai jiki ya yi rauni ta farka ta shiga hayayyafa.

To yaya take yin haka? Gadonta kamar igiya ce mai tufka biyu, mai gaɓoɓi wajen 152,000. A 1988 masu bincike a Amurka suka gano cewa sinadarai bakwai nata na kanta ne ke kwafar wannan igiya, tamkar ma'aikata. Ɗaya ya nemo bakin zare. Uku su warware tufkar su ɗora harsashi. Ɗaya ya riƙe silin da aka ware kada ya sake murɗewa. Na shida shi ne masaƙin, yana jera sababbin gaɓoɓi, na bakwai kuma ya dafa masa kada ya suɓuce daga kan aiki.

Maganin asiklobir, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion, masaƙin nan yake yaudara. Yana kama da gaɓar gaske, amma ba shi da ƙugiyar da ta gaba za ta kama. Da an saƙa shi, aiki ya tsaya cik. Kafso kuwa wasu ƙwayoyin cuta dabam aka yi shi domin su, bai san hanyar wannan masaƙa ba.

Sai dai maganin ba ya taɓa wadda ke barci a jijiya, sai mai cikin saƙa. Shi ya sa jinkiri ke da tsada, musamman ga ƴar'uwarta mai kawo ƙarambau, wadda kan dawo wa manya da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki. Nan ana so a ga likita cikin kwana 3, in kuma kusa da ido ne, a rufe rumfa a tafi ranar.

Mai ƙurji a leɓe kuma, don Allah kada ta sumbaci jariri wurin barka ko suna, domin cutar na iya kashe shi.