Garkuwar Ɗan Dambe da Fartanyar Mai Ban Ruwa

In an gama girbin gero aka buɗe fagen dambe a ƙauyukan Gazawa da Agye, idon 'yan kallo kan hannu ɗaya yake tsayawa, wato mashi, wanda aka naɗe da ƙyalle aka ɗaure da zare har ya yi tauri. Shi kalangu ke zugawa, shi ke yin kisa. Amma tsofaffin 'yan dambe ɗaya hannun suke lura da shi, garkuwa, wanda ake bari a buɗe a miƙa gaba. Sun san yaron da bai iya garkuwa ba da wuya ya ga turmi na uku, kome nauyin mashinsa.

Sinawa ma sun ɗauki wannan hannu da muhimmanci. A kudancin ƙasarsu akwai salon faɗa da ake kira Wing Chun. Malamin da ya fi shahara a kansa shi ne Ip Man, mutumin Foshan, wanda aka haifa a 1893, ya koyar a Hong Kong, ya rasu a 1972. Cikin almajiransa akwai Bruce Lee, wanda iyayenmu suka sani a majigi. Daga darussan farko na wannan salo akwai pak sao: naushi ya nufo fuskarka, sai ka sa tafin hannu ka buge shi daga gefe, tsakanin tsintsiyar hannu da gwiwar hannu, ya kauce wa hanci da ƙirji, a daidai lokacin kuma ɗaya hannunka ya shige ta ƙofar da ta buɗe.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a garka cikin kwarin Gulbin Kaba ya san wannan dabara, ko da bai taɓa jin sunan Sin ba. Inji ya jawo ruwa daga rijiya, ruwa ya biyo hanya da gudu, mai garka na tsaye da fartanya, ƙafa cikin laka. In fangalin tattasai ya cika, ba ya datse ruwan gaba da gaba. Bakin fangali na gaba yake fara buɗewa, sannan ya yanko laka cikin fartanya ɗaya ya kwantar da ita a karkace. Ruwan da kansa zai juya ya bi sabuwar hanya, da irin gudun da ya zo da shi. Wanda ya datse bai buɗe wani wuri ba, ruwa zai taru ya fasa kunya ya kwashe masa dashe.

Haka naushi yake. Mai tare shi kai tsaye ya haɗa ƙarfi da ƙarfi, kuma wanda ya fi ƙashi shi zai ci. Mai karkatar da shi kuwa bai hana shi tafiya ba, hanya kawai ya sauya masa, sai nauyin mai naushin ya ja shi gaba ya bar gefensa a buɗe. Motsin kuma ɗan kaɗan ne. Laka cikin fartanya ɗaya ta isa juya ruwa, tazarar yatsu kaɗan ta isa naushi ya wuce kunne. Babban abin shi ne lokaci. Ka yi gaggawa, abokin karo ya gane ya sauya. Ka yi jinkiri, ka sha.

Nan sabon shiga ke shan wuya. Da ya ga dunƙule sai ya runtse ido, kafaɗa ta sandare, ya bi hannun abokinsa can gefe da dukan ƙarfinsa, fuska ta zauna ba mai tsaro. Shi ya sa a makarantun Wing Chun ake haɗa almajirai biyu biyu, wannan ya kawo naushi a hankali, wancan ya kauda, a yi ta maimaitawa har hannu ya riga tunani. Suna da wani gunkin itace mai hannu uku da ƙafa ɗaya wanda mutum zai yi ta gwadawa a kai shi kaɗai. Ɗan mai garka ma ba rana ɗaya yake gane cikar fangali ba. Sai ya bi bayan uba rani bayan rani.

Yaranmu kowa so yake ya zama Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, kuma burin ba laifi ba ne. Sai dai ɗan dambe mahauci ne ko manomi, gobe zai koma kasuwa ko gona, kuma naushin da ke sauka a ka yakan bar illa a ido da ƙwaƙwalwa, wadda ba ta bayyana sai an girma. Saboda haka ina roƙon manyan fage, daga Gazawa har Gidan Rumji: kada a ɗaura wa yaro zare sai an tabbata ya iya kauda naushi ido buɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma lafiyar ɗan mutane amana ce a wuyan wanda ya shigar da shi fage.