Kalmar da Ke Naɗe Filafilan Jirgi

A shirinmu na yau za mu zauna da wata kalma ta tsohon Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Kalmar ita ce hupostello.

Gaɓa biyu aka haɗa. Hupo na nufin ƙasa ko ƙarƙashi, stello kuwa shiryawa ne ko tattarawa. Matuƙan jiragen ruwan Girka sukan faɗe ta idan suka sauke filafilai suka naɗe, jirgi ya rage gudu. Da ita ake kwatanta karen da ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Daga nan ta shiga fagen magana. Demostenis, shahararren mai jawabin Atina, ya yi amfani da ita wajen shekara ta 351 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da yake gargaɗin mutanensa a kan Sarki Filib na Makidoniya, ya ce bai rage musu komai ba. Da Bahaushe ne, da ya ce noƙewa, irin ta kunkuru idan ya ji motsi.

Sau huɗu aikatau ɗin ya fito a Sabon Alkawari. Biyu suna cikin Ayyukan Manzanni sura 20, aya ta 20 da ta 27. Bulus na kan hanyar Urushalima, ya yada zango a Militas, ya aika a kira masa dattawan ikilisiyar Afisa, garin da ya shekara uku. Yana sallama da su, bai kuma sa ran sake ganinsu ba. Shaidar da ya ba kansa ita ce bai noƙe ba: duk abin da zai amfane su ya faɗa, a fili da gida gida.

Na uku yana Galatiyawa 2:12, kuma a nan abin ya juya. A Antakiya, Bitrus yana cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba. Da waɗansu baƙi suka iso daga wurin Yakubu, sai ya fara janye jiki don tsoron abin da za su ce. Masana nahawu sun lura cewa sigar aikatau ɗin a nan tana nuna abin da ke faruwa sannu a hankali. Bitrus bai tashi ya yi shela ba. Yau ya makara, gobe ya ba da uzuri, jibi an nemi wurin zamansa an rasa. Har Barnaba ma ya bi sahu, sai da Bulus ya tsare Bitrus a gaban jama'a.

Na huɗu yana Ibraniyawa 10:38, inda marubucin ya ɗauko maganar annabi Habakuk daga fassarar Girkanci, yana jan kunnen mutanen da tsanani ya gajiyar da su kada su ja da baya.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Mu mutane ne masu kunya da kara da kawaici, kuma halaye ne na kirki. Amma kawaici da noƙewa suna iya kama da juna a ido, don dukansu shiru ne. Bambancin yana ga wanda shirun ya amfana. Mai kawaici ya haɗiye magana don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mai noƙewa ya haɗiye ta don ya tsira da fatarsa, ya bar ɗan'uwan cikin duhu. Mutanen Antakiya da Bitrus ya bari da akushi a gaba ba su ji zagi daga bakinsa ba, amma sun ga wurin da ya tashi.